Tiyar Inna da Jinin Nomau

Su ashirin da huɗu suka kwana a ɗakin bayan asibiti,
ba wanda ya karya, ko da kurɓin koko.
Ƙarfe bakwai na miƙa wa kowa ƙwaya ɗaya
da ruwa kofi guda,
na tsaya har ta wuce maƙogwaro, sannan na rubuta.

Rabin awa, na ɗebi jini.
Awa guda, na sake. Biyu, huɗu, takwas,
har hannun Tsahiru ya san tafiyata,
yana miƙewa tun ban iso ba.

Magani a jiki kamar gulbin Maradi ne da damina:
ya taso, ya cika, ya tsaya kaɗan,
sai ya janye ya bar yashi.
Mu dai biyu muke tambaya:
ina ya kai da ya cika, nawa ya wuce kafin ya ƙafe?

Na Tsahiru, ɗan kabu-kabu, siriri kamar kara,
ya hau da gudu kamar yadda yake tuƙi.
Na Illa mahauci ya tsaya shan iska a hanya.
Na Rabe ko tsakiya bai kai ba.
Ban yi mamaki ba.
Uwa ɗaya ma ba ta haifi hanta iri ɗaya ba,
balle Bagalam da Sabon Gari.
Wannan bambancin mun san maganinsa:
kowa ya sha tsohuwar ƙwaya, ya huta mako, ya sha sabuwa,
mu auna shi da kansa,
kada Illa ya zama shaidar Rabe.

Nomau ne ya hana ni barci.
Manomin albasa ne daga Jiratawa, ba ya yawan magana.
Ƙwaya ɗaya, kwali ɗaya, kamfani ɗaya,
sau biyu muka maimaita masa ita.
Talatar farko ya cika har baki.
Da ta zagayo, da kyar ya wuce rabi.
Na zargi allura, na zargi firji,
na zargi wutar da aka ɗauke da la'asar,
na zargi idona.
Duk suka fita da gaskiyarsu.
Na ce, Nomau, me ya canza?
Ya ce, Malama Barira, ni ne dai.

Sai na tuna Inna a kasuwa, gaban tulin gero.
Tiyarta ɗaya ce shekara talatin,
gefenta ya lotsa, ta ƙi sakewa.
Takan ce, tiyar wata ta fi tawa, wannan kowa ya gani,
amma hannuna na safe ba shi ne na yamma ba.
In kina son sanin awona,
kada ki tsaya sau ɗaya, ƴata, ki yini.

To, mun yini.
Likita ya ja layi biyu a allo,
tamanin a ƙasa, ɗari da ashirin da biyar a sama,
ya ce tsakanin nan sabuwa za ta zauna
ita da duk shakkar da ke biye da ita.
In mutum yana nisa da kansa haka,
ashirin da huɗu sun yi kaɗan.
A nemo wasu. A sake shimfiɗa katifu.

Na gaji, ba zan ɓoye ba.
Amma tsohuwar ƙwayar jikka goma sha biyu ce,
sabuwar jikka uku,
Inna kuwa hawan jini ya zaunar da ita,
tana raba ƙwaya biyu da wuƙa don wata ya ƙare.

Daren jiya na ɗaura abin awo a damtsena.
Na rubuta lamba.
Na sha ruwa, na zauna, na sake ɗaurawa.
Wata lamba ta fito.
Na rubuta ita ma, a ƙarƙashin sunana.